Randar da Aka Huda

Rana ta sunkuya bayan katanga, inuwar gida ta miƙe ta rufe rabin fili, lokacin da Mai Lambu ta jingine manjagara ta tsaya tana duban aikin hannunta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana tsara wa mutane lambu a gidajensu, har sunan sana'ar ya danne na yanka. Da can ciyawa da furanni take dasawa. Amma tun da ruwan famfo ya koma zuwa sau biyu a mako, masu gidaje suka gaji da kallon ciyawarsu tana ƙonewa, sai ta sauya hannu ta koma yin lambun da ba ya shan ruwa. A shimfiɗa baƙar leda, a zuba yashi da farar tsakuwa, a girke manyan duwatsu nan da can, a dasa ƙyarana da kabar giwa a tsakaninsu. Tsakar gidanta ta mayar wurin nuni, don mai son aiki ya zo ya gani da idonsa.

Abin da ya fi ɗaukar ido a wurin wata tsohuwar randa ce baƙa mai faɗin ciki. Ta kwantar da ita a gefe ɗaya, ta binne rabinta a yashi, ta jera farar tsakuwa daga bakinta tana gangarowa kamar ruwa ne yake zuba. Direban tipar da ke kawo mata duwatsu daga wani busasshen kwari, tafiyar awa uku daga gari, shi ya zo mata da ita kwana tara da suka wuce. Biyu ya kawo, babba da ƙarama. Ya ce a gindin wani dutse ya tarar da su a kife, ba gida ba bukka a kusa. Babbar ta bar wa kanta, ƙaramar kuma ta kai gidan wata likitar haƙori da take yi wa aiki.

Kaka, uwar mijinta, tana zaune a baranda da carbi a hannu, ƙafafu a miƙe.

"Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba," in ji ta. "Mutane suna gudun hamada, ke kin loda ta a mota kin kawo mana gida. Saura raƙumi."

"Shi ma yana hanya, Inna," in ji Mai Lambu. "A ɗakinki za mu ɗaure shi."

Auta, 'yarta mai shekara goma sha biyar, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu tun da yayyenta biyu suka tafi karatu, ta leƙo daga kicin da albasa a hannu ta ce ai Kaka ce za ta riƙa hawansa in za ta asibiti. Kaka ta ɗaga carbi kamar za ta jefe ta. Suna cikin dariya aka fara kiran sallar magariba daga nesa, 'yan fitilun da ke jere a gindin duwatsu suka kama ɗaya bayan ɗaya.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangaro a hankali, kamar ba ya sauri, ya faɗo gaban tabarmar Kaka. Tsakuwa ce fara. Kafin wani ya yi magana ta biyu ta faɗo, sannan ta uku, sannan aka watso su da yawa lokaci guda, rufin ya ɗauki ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara.

Maigidan, malamin lissafi ne a sakandare, mutum mai son sanin dalilin kowane abu, ya fito da ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa, ya buɗe ƙofa ya leƙa titi. Ba kowa. Ya zaga bayan katanga, ba ko kare. Ya dawo yana cewa yaran unguwa ne, gobe zai samu iyayensu.

Mai Lambu ta matso gaban tabarmar. Ta tsuguna ta ɗauki tsakuwa ɗaya. Tata ce, ta san ta, irinta babu a unguwar sai a gidanta. Kuma tana da ɗumi, irin ɗumin abin da aka daɗe ana riƙe da shi a tafin hannu.

Washegari da safe ta tarar da tsakuwar da ta share ta yi wa layi-layi an tone ta. Ramuka ne ƙanana ko'ina, a gindin kowane dutse, a ƙarƙashin kowace shuka, har an yaga ledar ƙasa a wuri huɗu. Maigida ya ce kyanwa ce. Mai Lambu ta gyara wurin. Da magariba aka sake jifa. A rana ta uku, da tsakar rana, gida shiru, Kaka na barci, Mai Lambu tana shanya kaya sai ta ji sauti yana fitowa daga bakin randar. Ba kuka ba ne, ba kuma magana ba. Kamar mace ce take kiran wani daga nesa, ta yi ta kira har muryarta ta dushe, amma ba ta daina ba. Da Mai Lambu ta faɗa wa Maigida, ya ce iska ce take shiga bakin randa, ko kwalba aka hura haka take yi. Ya samo tsumma ya cusa a ciki. Da yamma suka tarar da tsumman a kan teburin cin abinci, an ninke shi.

Daga ranar Kaka ta daina zama a baranda, ta kuma daina tsokana.

A rana ta huɗu, dab da faɗuwar rana, Mai Lambu ta aiki Auta ta kwaso shanya. Shiru ba ta dawo ba. Da ta fita, sai ta ga kayan a zube a ƙasa, yarinyar kuma a durƙushe gaban randa tana tonon tsakuwa da hannu biyu, da sauri, ba ta ko numfasawa. Ƙayar ƙyarana ta yayyage mata hannuwa, jini ya ɓata fararen duwatsun.

"Auta! Me kike yi haka?"

Yarinyar ta tsaya. Ta juyo a hankali. Fuskar ta Auta ce, amma kallon ba nata ba ne, ba ta taɓa kallon uwarta haka ba, kai tsaye, ba ƙiftawa.

"Ina kika kai shi?"

Muryar ta tsohuwa ce, busasshiya, kamar ana jan buhu a kan yashi. Daga nan Auta ta yi luu ta faɗi.

Kwana biyu suka yi suna zirga-zirga. A asibiti aka ɗauki jini, aka haska kai, aka ce ba a ga komai ba, a bar ta ta huta. A gida kuwa ba ta ci ba ta sha, ba ta amsa sunanta. Sai ta tashi ta bi ɗakuna tana buɗe abubuwa. Duk tukunyar da ke kicin ta cire mata murfi. Ta buɗe durowa, ta zazzage akwatuna, ta kwance bakin kowace kwalba ta leƙa ciki da ido ɗaya, ta ajiye, ta ɗauki wata. In an riƙe ta, sai mutum biyu su kasa. Mai Lambu tana bin ta a baya tana rufewa, hawaye na zuba, har ta gaji ta bari. Gidan ya zama komai a buɗe, komai yana hamma.

A rana ta shida Maigida ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon 'yarsa tana leƙa cikin butar shayi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗauki hularsa.

"Zan je in zo da Malam Mai Agogo," in ji shi, bai yarda sun haɗa ido da matarsa ba.

Malam Mai Agogo tsoho ne siriri mai 'yar rumfar gyaran agogo a bakin kasuwa. Mutane sun san shi da karatu mai zurfi, sun kuma san ba ya son a yi ta yayata shi. Ya iso bayan la'asar, ba jaka ba turare, sai tabarau a aljihu. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi duwatsun, ya dubi ramukan, ya daɗe yana kallon randar, bai taɓa ta ba. Ya nemi a ba shi ruwa a kofi, a buɗe tagogin falo, a zaunar da yarinyar a kan darduma, ubanta ya riƙe ta ta baya. Kaka ta rakuɓe a lungu. Mai Lambu ta zauna a bakin ƙofa, hannayenta a matse tsakanin gwiwoyi.

Ya fara karatu a hankali, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jariri. An daɗe ba abin da ya motsa. Sannan yatsun ƙafar Auta suka fara rawa. Rawar ta hau ƙafafu, ta kama kafaɗu, kanta ya faɗi baya a kan ƙirjin ubanta. Malam ya ɗaga murya kaɗan, ya yayyafa mata ruwan.

"Ya isa," in ji busasshiyar muryar. "Ya isa, tsoho. Ina jinka."

"Wace ce ke?"

"Mai randa."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

Bakin Auta ya yi wata dariya marar daɗi. "Ni na zo? Ina kwance a ɗakina aka ɗauke ni. Na farka na gan ni a nan, ga fitilu, ga ƙarar ƙarfe, an kwantar da ɗakina a gefe an zuba mini tsakuwa a ƙofa. Wannan duk ban damu ba. Amma ɗakuna biyu ne. Ɗana yana cikin ƙaramin."

Mai Lambu ta tuna da ƙaramar randar da ta kai gidan likitar.

"Kwana tara ina nemansa ban taɓa kowa ba," muryar ta ci gaba. "Ban san garinku ba, hanyoyinku duk iri ɗaya ne. Na yi jifa, ba ku gane ba. Na yi kira, kuka toshe mini baki da tsumma. Sai na ari bakin da za ku saurara."

"Ba aro kika yi ba, ƙwace kika yi," in ji Malam. "Yarinyar nan kwana biyu ba ta sa ruwa a bakinta ba. Me ta yi miki?"

"Nawa kwana nawa ya yi? Ka tambayi wadda ke bakin ƙofa." Idanun suka juyo kan Mai Lambu. "In ranar nan ta faɗi ban gan shi ba, zan tafi da wannan. Ɗa a madadin ɗa."

"Ba ki da wannan ikon. Rai yana hannun Mai shi."

Ya koma karatu da ƙarfi. Jikin Auta ya sandare, ta yi wata ƙara da ta sa kofin da ke ƙasa ya yi rawa, jijiyoyin wuyanta suka fito. Mai Lambu ta miƙe ba ta san ta miƙe ba.

"Malam, dakata, don Allah. Na san inda yake."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi hasken da ke kan bango. "Nawa ne nisan?"

"Rabin awa, in hanya ta yi kyau."

"To me kike jira, 'yata?"

Ta figi mota. Sai da ta hau babban titi sannan abin da take gudun tunawa ya cim mata. Likitar ta ce tana son jin ƙarar ruwa a lambunta ko kaɗan ne, don haka Mai Lambu ta mayar da ƙaramar randar maɓulɓula. Da hannunta ta ɗauki injin huda ta huda gindinta don ta zura bututu. Ta tuna yadda injin ya yi wani irin kuka da bakinsa ya shige, ta tuna garin da ya fito ja ne kuma da danshi, ta ce a ranta ai yumɓu ne. Ta riƙe sitiyari da ƙarfi, ta ƙara gudu.

Likitar tana gida, ta dawo daga aiki ke nan, tana tsaye tana shan shayi tana kallon sabon lambunta. Randar na zaune a kan tudun duwatsu, an ɗaure gindinta da siminti, ruwa yana tasowa daga bakinta yana malalowa. Mai Lambu ta gaishe ta da ƙyar, ta kashe injin ruwan, ta ciro guduma da kurfi daga bayan mota.

"Lafiya? Me za ki yi?"

"Likita, ki yi mini rai. Zan cire randar nan. Zan kawo miki wata, ko goma kike so."

"Jibi nake da baƙi! Ke kika ce babu irinta a garin nan. Kanki ɗaya kuwa?"

"'Yata ce ba lafiya," in ji Mai Lambu. "Ba zan iya yi miki bayani yanzu ba. In na yi ma ba za ki yarda ba."

Ta kafa kurfi a kan simintin ta ɗaga guduma. Bugun farko ya zame ya kusa samun cikin randar. Likitar ta ajiye kofinta. Ta kalli randar, fuskarta ta sauya.

"Tun da aka kafa ta kyanwata ba ta ƙara taka wurin nan ba," in ji ta a hankali. "Kuma da rana in gida ya yi shiru, nakan ji kamar jariri yana shessheƙa. Na ce injin ne." Ta naɗe hannun rigarta. "Kawo nan, za ki fasa ta. Ni aikina ke nan, cire abu daga mazauninsa ba tare da ya karye ba."

Ta bi gindin da ƙananan bugu, tana zagayawa, tana girgiza randar kaɗan-kaɗan, har simintin ya saki. Suka zare bututun, suka tsiyaye ruwan. Randar ba ta fi a rungume ta da hannu ɗaya ba, amma da Mai Lambu ta ɗauke ta sai ta ji nauyinta ya fi na ranar da ta kawo ta. Ta cire mayafinta ta naɗe ta, ta ɗora a kujerar gaba, ta ɗaura mata bel.

A hanyar dawowa wata babbar mota ta mutu a mahaɗa, motoci suka yi cirko-cirko. Rana ta yi ja, ta sauko ta zauna a kan rufin shaguna. Mai Lambu ta duba gaba, ta duba baya, ta kashe motar a gefen titi, ta rungumi randar ta kama gudu. Mace mai shekara arba'in da biyar, ba mayafi, takalmi ɗaya ya tsinke ta yar da shi, mutane suna bin ta da kallo. Ba ta ga kowa ba. Abin da take ji kawai, a jikin ƙirjinta, ta cikin yumɓun, wani ɗan motsi ne mai rauni.

Ta faɗo falo saura ɗan jan haske a saman katanga. Malam yana nan inda ta bar shi, muryarsa ta dushe. Rigar Maigida ta jiƙe sharkaf. Ta durƙusa ta ajiye randar a gaban 'yarta.

Hannuwan Auta suka miƙo a hankali, suka warware mayafin. Ta kifa fuskarta a bakin randar, ta yi wani sauti can ƙasan maƙogwaro, mai taushi, irin wanda kowace uwa ta sani. Kaka ta rufe baki da hannu. Aka daɗe a haka, har Mai Lambu ta fara jin numfashinta yana dawowa.

Sai yatsun suka zagaya gindin randar, suka tarar da hudar, suka tsaya.

"Wa ya yi wannan?"

Maigida ya buɗe baki. "Ma'aikata ne suka…"

"Ni ce," in ji Mai Lambu. "Da hannuna. Ban san da kowa a ciki ba."

"Ƙarfenki ta kunnensa ya shiga." Muryar ta yi ƙasa sosai, wannan ya fi ihun ban tsoro. "Ina kiransa ta wannan gefen, ba ya juyowa. Sannan kika sakar masa ruwa, kwana da kwanaki yana maƙale a wuyan randa kamar ɗan tsako." Hannun Auta na hagu ya tashi ya kama kunnenta, farce ya nutse a fata. "Kunne a madadin kunne."

Maigida ya damƙe hannun, ya kasa ɓamɓare shi. Jini ya fara bin wuyan yarinyar.

"Saki!" in ji Malam. Wannan ne karo na farko da ya daka tsawa. "Ina tambayarki, kin san Wanda ya halicce ki?"

"Tun ba a haifi kakan kakanka ba."

"To kin san za ki tsaya a gabansa. Ku kuna ganinmu, mu ba ma ganinku. Matar nan yumɓu ta gani, yumɓu ta huda. Da ta ji, ta tafi a guje ta dawo miki da shi, dubi ƙafarta. Yarinyar da kike riƙe da kunnenta kuwa ko wurin ba ta je ba. Da wane baki za ki yi bayani ranar nan?"

Hannun bai saki ba, amma bai ƙara matsawa ba. Idanun suka cika da ruwa, hawayen suka gangaro a kan kumatun Auta.

"To nawa ɗan fa? Haka zai tashi da rabin ji, ku kuna nan lafiya?"

Mai Lambu ta dubi jinin da ke bin wuyan 'yarta, maganar ta fita kafin ta auna ta.

"In dole sai kin ɗauka, ɗauki nawa. Ni na yi."

"Yi shiru!" Malam ya juyo a fusace. "Ba a yi musu tayi! Na soke wannan magana, ba ta faɗa ba!"

Amma idanun sun riga sun sauka a kanta. Suka daɗe. Ba fushi a cikinsu yanzu, sai wani abu mai kama da ganewa. Mai Lambu ta ji wani sanyi, kamar ɗigon ruwa ɗaya, ya faɗa cikin kunnenta na hagu. Hannun Auta ya saki, ya faɗi a cinya.

Malam ya ɗauki karatu da dukan ƙarfin da ya rage masa, yana watsa ruwan.

"Bari, tsoho, kana ƙona ni. Zan fita." Muryar ta gaji. "A mayar da ɗakunana inda aka ɗauko su, gobe kafin rana ta take. A kife su yadda suke. A toshe hudar da yumɓu, ba da wannan dutsen naku na buhu ba."

"Za a yi. Ba don kin isa ba, don kayanki ne. Ke kuma ki rantse da Wanda ya yi ki ba za ki ƙara shiga gidan nan ba."

"Na rantse."

"Ba za ki ƙara taɓa yarinyar nan ba."

"Na rantse."

"Ko wani na gidan."

Idanun suka koma kan kunnen Mai Lambu na hagu.

"Daga yanzu," in ji muryar. "Daga yanzu ba zan taɓa kowa ba."

Ƙaramin yatsan ƙafar Auta ya yi rawa, ya tsaya. Ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. A waje aka fara kiran magariba. Kowa ya ɗaga kai yana jiran ƙarar rufi, ba abin da ya faɗo. Can yarinyar ta buɗe ido ta dubi tukwane da kwalaben da ke zube ko'ina.

"Umma," in ji ta da 'yar muryarta, "wa ya yi wannan ɓarnar? Ƙishirwa nake ji."

Da sassafe direban tipa ya zo, jikinsa a sanyaye, yana ta ba da haƙuri. Mai Lambu ta ce ba laifinsa ba ne, ita ce ba ta tambaya ba. Ita da shi da Maigida suka kai randunan kwarin. Gurbinsu yana nan a gindin dutsen, zobe biyu a kan yashi, babba da ƙarami. Ta kwaɓa yumɓu ta liƙe hudar da yatsanta, suka kife su, suka juyo ba wanda ya waiwaya.

A hanya wayarta ta yi ƙara. Ta kara a kunnen hagu kamar yadda ta saba, ta yi sallama sau biyu, ta ce layin ba kyau. Da ta mayar dama, sai ga muryar Kaka tangaran tana cewa Auta ta ci abinci har ta nemi ƙari. Mai Lambu ta yi hamdala, ta kashe wayar, ta juya fuska wajen taga har suka shigo gari.

Likitan kunne ya duba ya sake dubawa, ya ce bai ga ciwo ba, komai yana wurinsa, sai dai kunnen ba ya ji. Malam Mai Agogo kaɗai ta faɗa wa. Ya ajiye agogon da ke hannunsa, sannan ya ce ta yawaita addu'a, Mai bayarwa yana iya mayarwa. Ta ci gaba da aikinta. Likitar haƙori ta karɓi sabuwar randa daga wurin maginin tukwane, ta kuma turo mata ƙawayenta biyu. Amma duk abin da aka kawo mata daga daji, dutse ne ko kututture, sai ta tambayi inda aka same shi da yadda aka tarar da shi, in a kife yake ta ce a mayar. A gida ta koyi zama ta yadda kowa zai kasance a damanta, ba wanda ya lura.

Bayan wata uku, ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, Auta ta shigo da gudu ta same ta a tsugune tana dasa kabar giwa. Ta rungumo ta ta baya, ta kafa baki a kunnenta na hagu ta raɗa mata wani abu, ta ja da baya tana jiran ihun murna.

Mai Lambu ta ji ɗumin numfashin 'yarta a fatarta. Ta dubi kunnen yarinyar, inda tabon farce ya warke ya bar 'yan layuka farare.

"Umma, ba ki ji ba ne?"

"Wancan ya gaji da surutunki, ya tafi hutu," in ji ta. Ta karkaɗe yashin hannunta, ta juyo mata da ɗaya gefen. "Zo ta nan ki faɗa mini. A hankali, kada ki bar ko kalma ɗaya."